Alhaji (Dokta) Mamman Shata Katsina (1923–1999): Rayuwarsa da Sana'arsa

1.0 Gabatarwa

A cikin makaɗan baka da suka rayu a ƙasar Hausa a ƙarni na 20, da wuya a sami wanda muryarsa ta ratsa gidaje da kasuwanni da tashoshin mota kamar Alhaji Mamman Shata. Ya shafe fiye da shekara 50 yana waƙa. Ya fara ta a dandalin ƙauye, ya kai ta fadojin sarakuna da gidajen rediyo da zaurukan jami'o'i, har zuwa ƙasashen waje. A wannan babi za a bi tarihin rayuwarsa tun daga Musawa zuwa Bakori da Funtuwa, sannan a duba yadda yake shirya waƙa da irin abubuwan da ya waƙe. Babban abin da ake son ɗalibi ya riƙe shi ne, Shata bai gaji kiɗa ba, bai kuma keɓe kansa ga ubangida guda ba. Da haka ya nuna cewa mawaƙi yana iya tsayuwa da ƙafafunsa, jama'a su zama su ne iyayen gidansa. Wannan sauyi shi ne ginshiƙin tarihinsa, kuma a kansa ne sauran bayanan za su ginu.

2.0 Matsayin Makaɗi Kafin Zamanin Shata

Kafin a gane girman abin da Shata ya yi, sai an san yadda al'umma ta tsara sana'ar kiɗa kafin zuwansa. A al'adar Bahaushe, kiɗa sana'a ce ta gado, kamar ƙira da jima da wanzanci da fawa. Ɗan makaɗi shi ke zama makaɗi, ya tashi yana ɗaukar ganga yana amshi a bayan mahaifinsa har ya karɓi jagoranci. Haka kuma kowane makaɗi yana da waɗanda yake yi wa kiɗa. Akwai makaɗan fada, waɗanda suke zaune ƙarƙashin sarki guda, shi ke ci da su, shi ke tufatar da su, ba su kuma yi wa wani waƙa sai da yardarsa. Misalinsu shi ne Ibrahim Narambaɗa a fadar Sarkin Gobir na Isa, da Salihu Jankiɗi a fadar Sarkin Musulmi, da Mamman Sarkin Taushin Katsina. Akwai kuma makaɗan sana'a da na maza, irin masu yi wa manoma da maƙera da mahauta da 'yan dambe kiɗa.

Su ma kayan kiɗan an yi musu daraja hawa-hawa. Tambari da kakaki da algaita da kotso da taushi na sarauta ne. Kalangu kuwa an san shi da kiɗan mahauta da 'yan dambe da rawar 'yan mata a dandali. Ba a ɗauke shi abin da za a shiga da shi gaban sarki a yi waƙar girma ba. Bugu da ƙari, duk da jin daɗin kiɗa da mutane suke yi, ana kallon mai yin sa a matsayin maroƙi, wanda yake rayuwa da abin hannun wasu. Saboda haka gidan da ba su gaji abin ba, ba su so ɗansu ya kama wannan hanya. A cikin wannan tsari aka haifi Shata, kuma da kalangun nan da aka raina ya yi suna.

3.0 Haihuwarsa da Ƙuruciyarsa

An haifi Muhammadu, wanda aka fi sani da Mamman Shata, a shekarar 1923 a garin Musawa, a zamanin Sarkin Katsina Muhammadu Dikko. A lokacin Musawa tana ƙarƙashin En'e ta Katsina, wannan ne ma ya sa ake liƙa masa sunan Katsina duk da cewa ba a birnin aka haife shi ba. Sunan mahaifinsa Ibrahim Yaro, mahaifiyarsa kuwa Lariya. Asalin gidansu Fulani ne. Laƙabin Shata wani ɗan'uwansu mai suna Baba Salamu ne ya sa masa, sai laƙabin ya bi shi har ya danne sunan yanka.

Kamar sauran yaran zamaninsa, an sa shi makarantar allo. Da ya tasa ya taɓa tallar goro, ya kuma sayar da alewa. Talla sana'a ce da ke buƙatar murya da iya jawo hankalin mai wucewa, kuma tana kai yaro kasuwa-kasuwa, inda zai ga mutane iri-iri ya ji maganganunsu. Da dare kuwa, musamman a lokacin farin wata da bayan kaka, sai samari da 'yan mata su haɗu a dandali ana kiɗan asauwara ana rawa. A nan Shata ya fara waƙa don nishaɗi, ba don a ba shi ko kwabo ba. Sannu a hankali ya fi sauran samari, har ya zama idan ba ya wurin wasan ba ya armashi.

Mahaifinsa bai so wannan abu ba, domin a ganinsa waƙa roƙo ce, roƙo kuwa ba gadon gidansu ba ne. Amma abin ya riga ya shiga jinin yaron. Daga baya ya ajiye talla gaba ɗaya, ya haɗa makaɗan kalangu, ya riƙa zagaya ƙauyukan da ke kewaye da Musawa ana gayyatarsa biki da suna da wasannin samari.

4.0 Zamansa a Bakori da Funtuwa

Mutumin da ya fara ɗaga Shata shi ne Abdullahi Inde, ɗan sarautar Musawa, wanda yake aikin En'e a ɓangaren sayen auduga da gyaɗa. Shi ya nemi Shata ya koma Bakori, a kudancin ƙasar Katsina, inda ya zauna ya yi aurensa na fari. Wannan ƙaura tana da muhimmanci ƙwarai, domin ta kai shi tsakiyar yankin da ya fi kowane albarkar noma a ƙasar Katsina.

Ƙasar da ta haɗa Funtuwa da Bakori da Malumfashi da garuruwa irin su Mahuta da Daudawa tana samun ruwan sama fiye da arewacin Katsina, kuma ƙasar tana karɓar auduga sosai. Turawan mulkin mallaka sun lura da haka, kamfaninsu na auduga, BCGA, ya kafa injinan gurza a Funtuwa da Malumfashi. Hanyar jirgin ƙasa da ta tashi daga Zariya zuwa Gusau da Ƙauran Namoda, wadda aka kammala a 1929, ta bi ta Funtuwa. Wannan ya mai da garin matattarar fatake da dillalai da direbobin manyan motoci da leburori da ma'aikatan gwamnati daga sassa daban-daban. Da kaka ta yi, manomi ya kai audugarsa kasuwa aka auna aka biya shi, sai kuɗi su yawaita a hannun jama'a, a shiga bukukuwan aure da wasanni.

Ma'anar wannan ga makaɗi a fili take. A da, mai iya riƙe makaɗi da iyalansa da yaransa shi ne sarki ko hakimi. Yanzu kuwa an sami sababbin masu abin hannu waɗanda ba su da sarauta: ɗan kasuwa, da mai mota, da direba, da malamin auduga, da babban manomi. Waɗannan mutane suna son a ambaci sunansu a bainar jama'a, amma makaɗin fada ba zai waƙe su ba. Shata ya cike musu wannan gurbi. Tun da iyayen gidansa suna da yawa, babu wanda zai iya ɗaure shi shi kaɗai. Idan wannan ya juya masa baya, ga wani can yana jira.

Daga Bakori ya riƙa fita da ƙungiyarsa zuwa Katsina da Kano, wadda ya fara zuwa a ƙarshen shekarun 1940. A 1952, a zamanin Sarkin Kano Abdullahi Bayero, aka yi wani babban biki da ake kira Bikin 'Yan Sarki, inda 'ya'yan sarauta kimanin 12 suka yi aure a lokaci guda. Wasan da Shata ya yi a wurin shi ya fito da shi a idon manyan Kano, daga nan sunansa ya fara bazuwa. Wajen 1960 ya tare a Funtuwa, kuma nan ya riƙa a matsayin gida kimanin shekara 40, har ƙarshen rayuwarsa, ko da yake yawon waƙa yakan riƙe shi a Kano da wasu birane na dogon lokaci.

5.0 Daga Dandali Zuwa Dandamali

Rayuwar Shata ta yi daidai da lokacin da hanyoyin isar da murya suka canza. Makaɗin dauri, iyakar waɗanda za su ji shi su ne waɗanda suka taru a wurin. Shi kuwa Shata ya tarar da lasifika, wadda ta ba shi damar tsayawa a kan dandamali ya yi wa dubban mutane waƙa. Ya tarar da faifan garmaho, kamfanoni irin su EMI suka ɗauki waƙoƙinsa suka sayar. A 1962 Gwamnatin Jihar Arewa ta buɗe gidan rediyo da talabijin na Kaduna, wanda ake kama shi har a Nijar da Gana da Kamaru. Wannan gida ya taka rawa babba wajen kai muryar Shata ga Hausawan da ba su taɓa ganinsa ba. Daga shekarun 1970 kuma kaset ya shigo, ya zama kowane mai shayi da direba da tela yana iya sa waƙar da yake so a lokacin da ya ga dama.

Wasan Shata a kan dandamali abin kallo ne, ba na saurare kawai ba. Yakan tsaya cikin babbar riga riƙe da abin magana, makaɗan kalangu a bayansa, su ne kuma 'yan amshi, ga maroƙa suna kirari suna sanar da kyautar da aka yi. Masu kallo sukan taso su yi liƙi, shi kuma ya saka sunan wanda ya taso a cikin waƙar nan take. Hotunan bidiyo da gidajen talabijin suka ɗauka sun adana wani ɓangare na wannan, kuma ya kamata ɗalibi ya kalle su, domin rubutacciyar waƙar baka ba ta nuna motsin jiki da sauyin murya da yadda jama'a suke karɓar magana.

Waƙa ta kai shi ƙasashen Afirka ta Yamma, musamman Nijar da Gana inda Hausawa suke da yawa a zango-zango. Ya kuma je Ingila da Amurka, ya sauke farali a Makka.

6.0 Yadda Yake Shirya Waƙa

Idan aka kwatanta waƙar Shata da ta makaɗan fada irin su Musa Ɗanƙwairo, za a ga bambanci a tsari. A wurin Ɗanƙwairo, jagora yakan fara ɗan waƙa, 'yan amshi su karɓe su ƙarasa, wani lokaci su yi ƙari. Wannan yana buƙatar a zauna a shirya waƙar, kowa ya hardace rabonsa kafin a fita. A wurin Shata kuwa, gindin waƙar gajere ne, sau da yawa layi ɗaya, kuma 'yan amshi ba su da wani aiki sai maimaita shi yadda yake. Dukkan nauyin ɗiyan waƙar yana kan jagora.

Wannan tsari ya ba shi 'yanci mai yawa. Da yake amshin ba ya canzawa, yana iya tsawaita waƙa ko ya gajarta ta, ya saka sunan wanda ya shigo yanzu, ya cire na wanda ya saɓa masa. Ɗan lokacin da 'yan amshi suke maimaita gindin waƙa shi ne lokacin da yake numfasawa ya shirya abin da zai faɗa a gaba. Dalilin da ya sa ke nan idan aka saurari waƙarsa guda da aka ɗauka a wurare biyu, za a tarar amshin ɗaya ne, kiɗan ɗaya ne, amma ɗiyan sun bambanta a yawa da jeri da sunayen da aka ambata.

Kada ɗalibi ya ɗauka cewa wannan yana nufin waƙar daga sama take faɗowa. Manazarta adabin baka, tun daga Milman Parry da Albert Lord waɗanda suka yi bincike a kan mawaƙan ƙasar Yugoslabiya a shekarun 1930, sun nuna cewa mawaƙin da yake shirya waƙa a lokacin da yake rera ta yana da rumbu na shiryayyun kalmomi da jimloli waɗanda suka riga suka dace da karin waƙarsa. Shata yana da irin wannan rumbu: hanyoyin gaisuwa, da na ambaton asalin mutum da garinsa, da na jero garuruwan da ya bi, da na godiya bisa kyauta, da na yi wa makaɗansa magana a tsakiyar waƙa. Daga cikinsu yake zaɓa yana ɗinkawa da sabon abin da ya gani a wurin. Gwanintarsa tana cikin saurin zaɓen da dacewar ɗinkin. Ɗandatti Abdulƙadir ya yi digirinsa na uku a kan Shata a Jami'ar Indiyana ta Amurka a 1975, kuma aikinsa yana cikin na farko-farko da suka shigar da makaɗin Hausa guda cikin nazarin jami'a mai zurfi.

Ta fuskar harshe, akwai dangantaka tsakanin kalangu da Hausa wadda ya kamata a lura da ita. Hausa harshe ne mai karin sauti, wato hawa da saukar murya suna bambanta ma'anar kalma. Kalangu kuwa ganga ce mai tsirkiya a jiki. Idan makaɗi ya matse ta a hammata sai sautin ya hau, idan ya sassauta sai ya sauka. Da haka kalangu yake iya bin karin maganar amshi, har mai saurare ya gane waƙar da za a yi tun kafin a buɗe baki. Hausar Shata kuwa ta yau da kullum ce, wadda ɗan kasuwa da manomi da matar aure suke fahimta ba tare da an yi musu fashin baƙi ba. Bai cika zurfafa tsofaffin kalmomin fada kamar makaɗan Sakkwato da Zamfara ba. Ƙarfinsa yana cikin habaici da ba'a da karin magana da iya zana hoton mutum da kalmomi kaɗan.

7.0 Turakun Waƙoƙinsa

Shata da kansa bai san adadin waƙoƙin da ya yi ba, kuma da yawa daga cikin na ƙuruciyarsa ba a ɗauke su a faifai ba. Waɗanda suka tsira ana iya karkasa su kamar haka.

Na farko, yabo. Wannan shi ya fi yawa. Ya waƙe sarakuna, fitacciya daga ciki ita ce waƙar Sarkin Daura Muhammadu Bashar, wanda ya yi sarauta daga 1966 zuwa 2007, ya kuma kasance babban ubangidansa. Amma dangantakarsu ba irin ta makaɗin fada ba ce, domin ba ta hana shi waƙe wasu ba. A gefen sarakuna ya waƙe attajirai da direbobi da dogarai da sojoji da ma'aikata da mata, har da masu bori, kamar yadda waƙar Sarkin Bori Sule ta nuna. Waƙar Umaru Ɗanɗanduna na Gwandu tana cikin waɗanda suka fi shahara a wannan rukuni. Wanda ya jera sunayen mutanen da Shata ya waƙe zai sami hoton waɗanda suka yi tashe a Arewa tun daga ƙarshen mulkin Turawa har zuwa shekarun 1990.

Na biyu, yabon kai. Bakandamiya ita ce waƙar da ya yi wa kansa kirari a cikinta, ya bayyana fifikonsa a kan sauran mawaƙa, ya kuma ambaci wuraren da waƙa ta kai shi. Ya rera ta sau da yawa cikin shekaru masu yawa, kowane lokaci da abin da zai ƙara.

Na uku, zambo da habaici. Gagarabadau misali ce ta yadda yake iya tozarta wanda suka saɓa da shi. Wannan makami ya sa ana shakkarsa kamar yadda ake son sa, domin zambon da ya shiga kaset ba ya gogewa.

Na huɗu, faɗakarwa da wayar da kai. Ya yi waƙoƙi a kan noma da aure da neman na kai da zaman lafiya da kishin ƙasa. A lokacin yaƙin basasar Nijeriya, daga 1967 zuwa 1970, ya yi waƙoƙin ƙarfafa wa sojoji gwiwa. Da Amurkawa suka sauka a kan wata a watan Yuli na 1969, ya yi waƙar Kumbo Apollo 11, wadda ta kai labarin wannan abin mamaki ga mutanen da ba su karanta jarida.

Na biyar, addini da shaƙatawa. Yana da waƙar yabon Annabi (SAW) wadda jama'a suke ƙauna matuƙa. Yana kuma da waƙar A Sha Ruwa, wadda ta shafi mashaya, ta kuma jawo masa suka daga malamai da sauran masu kishin tarbiyya. Duka biyun daga baki ɗaya suka fito, kuma tarihin da ya ambaci ɗaya ya ɓoye ɗaya bai cika ba.

8.0 Shata da Siyasa

Mutumin da ya saba faɗin abin da ke ransa a gaban jama'a da wuya ya kauce wa siyasa. A Jamhuriya ta Farko ra'ayinsa ya karkata ga NEPU ta Malam Aminu Kano, wadda aka kafa a 1950, alhali yawancin sarakuna da masu mulki suna tare da NPC. A shekarun 1970 an zaɓe shi kansila a Ƙaramar Hukumar Kankiya, wadda Musawa take ƙarƙashinta a lokacin, a tsohuwar Jihar Kaduna. A Jamhuriya ta Biyu ya shiga GNPP, daga baya ya koma NPN. Bayan an ƙirƙiro Jihar Katsina a 1987, aka kuma shiga shirin Jamhuriya ta Uku, ya zama shugaban jam'iyyar SDP na Ƙaramar Hukumar Funtuwa, amma aka tsige shi sakamakon saɓani da manyan jam'iyyar. Halin da ya ɗaukaka shi a waƙa, wato ƙin bin umarnin ubangida guda, shi ne ya hana shi daɗewa a kujerar jam'iyya.

9.0 Karramawa da Rasuwarsa

Gwamnatin Tarayya ta ba shi lambar girma ta MON. A 1988 Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba shi digirin girmamawa na dokta saboda hidimar da ya yi wa harshe da adabin Hausa. Idan aka tuna cewa wannan mutum ne da mahaifinsa ya ƙi sana'arsa don gudun a kira shi maroƙi, za a ga nisan tafiyar da shi da kalangunsa suka yi.

A ƙarshen rayuwarsa ya yi fama da rashin lafiya, aka yi jinyarsa a Kano da Jidda. Allah ya yi masa rasuwa ranar Juma'a, 18 ga Yuni, 1999, a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, yana da shekara 76. An kai gawarsa Daura, garin ubangidansa Sarki Muhammadu Bashar, a can aka yi masa sutura. A 2006 Ibrahim Sheme da abokan aikinsa suka fitar da littafin tarihinsa mai suna Shata Ikon Allah, wanda ya tattara bayanai masu yawa daga bakinsa da na waɗanda suka zauna da shi.

10.0 Shata da Zamanin Waƙar Fim

Shekarun ƙarshe na rayuwar Shata sun haɗu da farkon wani sabon yayi. A 1990 ƙungiyar wasan kwaikwayo ta Tumbin Giwa ta Kano ta fitar da Turmin Danya, wanda ake ɗauka a matsayin fim ɗin bidiyo na Hausa na farko da aka kai kasuwa. Kafin ƙarshen shekarun 1990 waƙa ta zama babban abin da ke sayar da fim. Irin wannan waƙa a ɗakin ɗaukar sauti ake yin ta, da fiyano maimakon kalangu. Ana rubuta ta kafin a rera, wani ya rera, wani kuma ya hau kanta a gaban kyamara. Da zarar an ɗauka ta zauna ke nan, ba ta canzawa daga wuri zuwa wuri.

Duk da wannan bambanci, mawaƙan zamani suna tafiya ne a kan hanyar da Shata da takwarorinsa irin su Ɗanmaraya Jos mai kuntigi da Haruna Uje mai gurmi suka share. Yawancinsu ba su gaji waƙa ba. Ba su zaune ƙarƙashin fada guda. Suna rayuwa da biki da kasuwa da 'yan siyasa da attajirai, suna kuma yi wa kansu kirari kamar yadda ya yi a Bakandamiya. Abin da ya ragu shi ne shirya waƙa nan take a gaban jama'a, wanda shi ne babbar gwanintar Shata.

11.0 Abin da Ya Rataya a Wuyan Malami

Ɗaliban da malami zai tarar a aji a yau, ko a Funtuwa ne ko a Mahuta ko a Malumfashi, an haife su ne bayan rasuwar Shata. Sun fi sanin waƙoƙin fim da na wayar hannu. Saboda haka akwai abubuwa uku da ya kamata malami ya kiyaye.

Na ɗaya, kada ya koyar da waƙar baka daga takarda kawai. Ya sa ɗalibai su saurari waƙa guda da aka ɗauka a lokuta biyu, su fitar da abin da ya zauna da abin da ya canza. Da haka za su gane gindin waƙa da ɗiyanta da kansu, ba da hadda ba.

Na biyu, ya zaɓi waƙar da ta dace da shekarun ɗalibai, amma kada ya mai da Shata waliyyi ko ya mai da shi abin ƙyama. Ɗalibin babbar sakandare ya isa a tattauna da shi a kan amfanin zambo da illarsa, da kuma tambayar ko yabon da aka biya kuɗi aka yi yana iya zama shaidar tarihi.

Na uku, ya san cewa a yankin Funtuwa da Bakori da Musawa akwai dattawan da suka halarci wasan Shata da idonsu, akwai kuma tsofaffin kaset a gidaje da shaguna waɗanda zafi da ƙura suke lalatawa. Aikin gida da zai sa ɗalibi ya zauna da kakansa ya rubuto yadda ake wasa a dandali, ko ya kwafe tsohon kaset zuwa kwamfuta, yana iya ceto abin da babu shi a kowane ɗakin karatu. Waƙoƙin ƙuruciyar Shata sun salwanta ne don ba a sami mai ɗauka ba, kuma waɗanda suka rage ma suna iya bin su idan aka yi sakaci.

12.0 Kammalawa

A wannan babi an ga yadda Mamman Shata ya tashi a Musawa a gidan da ba su gaji kiɗa ba, ya sami gindin zama a yankin auduga na Bakori da Funtuwa, ya kuma yi amfani da lasifika da rediyo da faifai da kaset ya kai waƙarsa ko'ina Hausawa suke. An ga yadda gajeren amshi ya ba shi damar shirya waƙa a gaban jama'a, da yadda yawan iyayen gida ya ba shi 'yancin yabon wanda ya so da zambon wanda ya so. Ya tarar da kalangu a hannun mahauta da 'yan matan dandali, ya bar shi ana nazarinsa a jami'a. Allah ya jiƙansa, ya gafarta masa kurakuransa.

Tambayoyi

1. Bayyana yadda noman auduga da hanyar jirgin ƙasa a kudancin Katsina suka taimaka wa sana'ar Shata.
2. Kwatanta aikin 'yan amshi a waƙar Shata da aikinsu a waƙar makaɗan fada.
3. Kawo turaku huɗu na waƙoƙin Shata, ka yi bayanin kowanne.
4. Ta waɗanne hanyoyi mawaƙan fim suka yi kama da Shata, ta waɗanne kuma suka bambanta da shi?
5. Tsara darasi na minti 40 da za ka koyar da gindin waƙa da ɗiyanta ta amfani da waƙar Shata guda ɗaya.